Lamba Tara, Makon Kirsimeti

Tun watan Oktoba MaNgcobo ta haɗa jakarta ta ajiye a bakin ƙofa. Kullum da safe sai ta ɗaura ɗankwali, ta zauna kusa da jakar, ta tambayi ɗanta Bhekani ko mota ta iso. Margate za ta, in ji ta, Lamba Tara, kuma ba a makara.

Ciwon mantuwa ya cinye mata kusan komai. Ta manta mijinta ya rasu, ta manta hanyar coci, wani lokaci ma sai ta gaida Bhekani kamar baƙo. Amma Lamba Tara, wani ɗakin hutu a garin Margate na bakin teku, yana nan daram a kanta. Ta san inda cokula suke, ta san tagar da ke ƙin rufuwa idan iskar teku ta taso. Shekara da shekaru a can take Kirsimeti. Shi Bhekani bai taɓa zuwa ba, wajen kakarsa ake barinsa a Katlehong.

Likita bai ɓoye masa ba. Ya ce idan akwai abin da yake son yi mata tana sane, to ya yi shi bana.

A irin gidajen hutun nan na bakin teku mako ake saya, ɗaki guda, mako guda, kowace shekara har mutum ya gaji ya sayar wa wani. Bhekani mai gyaran famfo ne, abin da ya sani game da harkar ke nan. Da ya ga tallar wani mako na hannu a ginin da uwarsa ke ambata, da araha kamar an tsinto, har an rubuta cewa mai saye ne zai zaɓi lokacinsa, nan take ya biya. Sai da ya buga waya ya zaɓi Kirsimeti matar ofis ta faɗa masa cewa zaɓin bai haɗa da hutun makaranta ba. Akwai Fabrairu, akwai Mayu.

Ya hau motar haya har Durban, wajen dillalin da ya sayar masa, wani Mista Govender.

"Haba maigida," in ji Govender, "ka sayi mako mai yawo kana neman Kirsimeti? Makon nan gadonsa ake yi. Sai an mutu ake samu."

"To wa ya mutu?"

Govender ya yi dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya koma kan kwamfuta. Ba wanda ya mutu. Amma wadda ke da makon Kirsimeti a Lamba Tara, wata Misis van Rensburg, tana gidan tsofaffi, 'ya'yanta kuma suna Ostareliya, sun gaji da biyan kuɗin kula da ɗakin da ba sa shiga. Sunan matar ba baƙo ba ne a kunnen Bhekani.

"Akwai Lamba Sha Biyu," in ji Govender. "Ya fi girma, ya fi sauƙi."

"Tara nake so."

"Teku ɗaya ce fa, ɗan'uwa."

"Na ce Tara."

Ya sayar da a-kori-kurar da yake aiki da ita don ya sayi makon. Bai gaya wa kowa ba, don ya san abin da za a ce, kuma da gaskiyar masu faɗa. Sannan aka shiga jira. Sai 'ya'yan sun sa hannu daga can, sai hukumar ginin ta amince, ga shi tsakiyar Disamba kowane ofis a ƙasar nan rufewa yake yi. Ana cikin haka MaNgcobo ta daina cin abinci. Ta ce ba za ta ci ba, kada mota ta zo tana wanke kwano.

Ya dami Govender da waya har mutumin ya daina ɗauka. Sai ya koma Durban ya zauna masa a ofis tun safe, hularsa a gwiwa, bai yi faɗa ba, bai kuma tashi ba. Tsoro ne fal cikinsa, kada takarda ta fito bayan uwarsa ta gama mantawa da dalilinta. Ana gobe za a rufe ofisoshi aka kammala.

Da motar aro suka sauka Margate. Tsohon maigadin ginin ya leƙo ta taga, ya ga MaNgcobo, ya dafe kai.

"Gladys! Ashe kina nan da rai?"

"MaNgcobo sunanta, Baba," in ji Bhekani, fuska ba walwala.

Ana buɗe Lamba Tara ta miƙe sak, kamar an sauke mata kaya. Ta wuce ta ja tagar nan ta rufe da dabarar da ita kaɗai ta sani. Ta juyo ta kira shi Bheki, sunan da rabonsa da ji a bakinta tun bara. Hawaye suka zubo masa, bai damu ya share ba.

Ya kama hannunta zuwa babban ɗaki, ya yaye labule, teku ta cika taga.

"Mama, naki ne. Ɗakin nan da gadon nan, kowace Kirsimeti. Na saya miki."

Ta shafa zanen gadon, ta gyara kusurwar da ta ɗan karkace, amma ba ta zauna ba. Ta ɗauki jakarta ta kai kicin, ta tura ta bayan ƙofa, ta cire takalmanta ta jera a gefe. Bhekani ya zube a kujerar falo, gajiyar wata biyu ta sauko masa.

Da ta fito ta gan shi a kujerar, sai ta zaro ido, ta rage murya.

"Bheki, tashi maza ka bi ta ƙofar baya, kada Madam van Rensburg ta shigo ta same ka a kujerarta ta kore ni daga aiki."