Ba A Zubar Da Ƙwaya

Likitan Damagaram ya ɗora yatsa kan hoton hantar matata. "Tabon da na nuna maka bara ya zama ciwon daji. Kuna cin gyaɗa mai hunhuna?"

"A gidana? Ni ke noma ta, ban taɓa tauna ruɓaɓɓiya ba. Yanke abin nan, likita, in sayar da gonata ta Tanout yau."

"Ya wuce yanka."

Matata ta ja bakin rigata. "Gaskiyarka, Malam. Ranar da aka kawo ni ka ce ba a zubar da ƙwaya a gidanka. Shekara ashirin ina tsince maka masu kyau."

Ban tambayi inda ruɓaɓɓun suka tafi ba. Yatsan likita na kan wurin.