Ƙurar Sugi

"Ka wuce tasha, fasinjoji na ta danna ƙararrawa!" in ji shugaban direbobi. "Barci kake yi?"

Direban bas ɗin ya ja hanci, idanu jawur. Tunda dogayen itatuwan da ake kira sugi suka fara zubar da ƙurar furensu, ƙirjinsa yake a toshe, kansa ya yi dum, har sunan tasha ɓace masa yake.

"Yallaɓai, ku kuka hana mu shan magani, wai yana sa gyangyaɗi. To da me zan yi numfashi, da kunne?"

"Sauka daga sitiyari sai ka warke. Mun tausaya maka, akwai aiki mai sauƙi."

Washegari aka miƙa masa tsintsiya, aka nuna masa motoci jere a fili, kowace ƙurar furen ta mayar da ita rawaya.