Binciken Halin Mainassara Mai Gurmi

Tun da saurayin ya zauna a bencin rumfarta, Halimatu ta ji furar da take damawa ta fita ranta. Abdurrazak ne sunansa, ɗalibi daga Yamai. Ya zo Dakoro ne yana rubuta memuwar, wato kundin kammala karatunsa, a kan halin marigayi Mainassara mai gurmi, wanda muryarsa ta shekara talatin tana cika rediyo. Mahautan kasuwar dabbobi ne suka turo shi, wai duk garin ba wadda ta kai tsohuwar nan sanin mutumin.

Ya kunna waƙar marigayin a portabul, wayarsa ta hannu. Halimatu ta kau da kai. Haka take yi tun da can, ba a taɓa ganinta a filin wasansa ba.

Ya tambaye ta ko mawaƙin mai fushi ne, ko mai son mutane. Ta ce ita fura take sayarwa, mai gurmin kuwa sai a tambayi masu rawa. Amsar ta yi wa ɗalibin daɗi, ya rubuta ta da sauri.

Sai ya buɗe takardunsa ya shiga bayani. Masana halin ɗan Adam, in ji shi, sun ce yaron da bai ƙoshi da uwa ba, in ya girma da tafin jama'a yake cike gurbin. Mainassara kuwa ya sha faɗa cewa ana yaye shi aka kai shi Korahane wurin kakarsa. Daga nan ɗalibin ya zaro komai: auri-sakin mawaƙin, yawonsa, kukan da ke cikin muryarsa. Yana feɗe mamaci yana murmushi.

Halimatu ta dubi ƙudajen da ke bin tumbin saniya a teburin mahauta. Su dai yunwa ce ta kawo su.

Ranar Juma'a, in ji shi, zai karanta wannan babi na kundinsa a rediyon gari, don cikar shekara da rasuwar. Sunan babin: uwar da ta yar da ɗanta. Shaida kawai ta rage masa.

"Inna, ke da kika zauna unguwarsu, ki ce min matar nan ba ta son shi. Kalma guda ta isa."

Akwai kalma guda a bakinta wadda za ta rushe babin ɗungurungum. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta haɗiye.

"Sha furarka, ɗan nan. Ni ba a tambayata wannan."

Ya rubuta cewa shirun tsohuwar ya tabbatar da komai. Ya yi godiya ya tafi.

Ta zubar da sauran furar a ƙasa, ta sa yashi ta cuɗe ƙwaryar da ya sha har yatsunta suka yi zafi. Juma'a duk Dakoro za ta ji, ta sani. Amma shekara sittin da ɗaya ba ta kama sunansa ba, ba ta yabe shi gaban kowa ba, ba kuwa za ta fara gaban baƙo don kawai ya mutu ba. Ɗanta ne na fari.