Mai Tallan Magani a Bencin Marasa Lafiya

An yi wani mutum da ya shekara goma sha bakwai yana yi wa wani kamfani tallan magani. Ba irin mai lasifika a bakin kasuwa ba, shi na asibitoci ne: motar kamfani, baƙar jaka cike da samfur, riga ta sha guga. Daga Zariya zuwa Funtuwa, Gusau har Talatar Mafara, babu likitan da bai san irin ƙwanƙwasa ƙofarsa ba. Maigadi na hango tambarin da ke jikin motar zai wangale ƙofa. Marasa lafiya na jere a benci tun sassafe, shi kuwa sai ya ratsa su ya leƙa ya ce, "Likita, minti biyu kawai." A unguwa ma Dakta ake ce masa. Abin da ya fi tallatawa maganin hawan jini ne, ya haddace shi kamar karatun allo. Amma akwai abin da ko matarsa ba ta sani ba: kullum kafin ya tayar da mota sai ya ɓalli ƙwaya ɗaya daga samfurin ya haɗiye. Ƙeyarsa ce ke sara duk ƙarshen wata, idan manaja ya fara bugo waya yana faɗa a kan ciniki. Bai taɓa bari an auna shi ba. Ina mai tallan lafiya zai zauna gaban mai saye ya naɗe hannun riga?

Wata shekara kamfani ya ce zai rage ma'aikata, duk wanda ya ajiye aiki don raɗin kansa za a ba shi kuɗin sallama mai kauri. Ya kwana uku yana juya takardar ajiye aikin, a na huɗu ya sa hannu, ya miƙa makullin mota da jaka. Ya sayi ɗan lambu a bakin rafi ya shuka albasa. Watan farko ya yi barcin da ya manta akwai irinsa. A wata na biyu nadama ta yi sallama. Wayar da ba ta hutawa ta koma sai ya duba ko ta mutu ne. Masu ce masa Dakta suka koma Malam. Da wani kamfani ya aiko cewa yana neman gogaggen mutum, sai ya ajiye lambar wayarsu a aljihu yana shafawa. Ana haka sauran ƙwayoyin da ya ɓoye a durowa suka ƙare, ga shi masu kemis duk tsoffin abokan cinikinsa ne, kunya ta hana shi saye. Tsoro ya kama shi, don mahaifinsa a daidai waɗannan shekarun ɓarin jikinsa ya shanye. Matarsa ce ta tsinci ɓawon maganin tana shara. Ta ce, "Malam, ko ka je asibiti gobe, ko ni in je wajen Hajiya." To, uwa fa ba a kai mata irin wannan ƙara. Ya tafi.

A adaidaita-sahu ya je. Maigadin da ya saba sara masa ya tambaye shi kati. Ya yanki kati, ya zauna a bencin da ya shekara goma sha bakwai yana ratsawa, ya ji yadda katako ke cin ƙashi. Ya kusa awa uku, saura mutum biyu a kai kansa, sai ga wani abokin aikinsa na da, wanda ya ƙi sa hannu a takardar, ya shigo da jaka yana sauri. Ya hango shi ya ce, "A'a, Alhaji Ritaya! Har an fara zaman benci?" Ya yi dariya ya faɗa ɗakin likita. Wata tsohuwa da ke gefe ta ja tsaki ta ce, "Ga su nan, masu jaka. Su ba sa ciwo, ba sa layi." Mutumin ya sunkuyar da kai. Minti biyun nan sai da ya zama ashirin. Da abokin ya fito, ya tsaya a bayan ginshiƙi inda yake zaton ba mai ganinsa, ya zuge jaka, ya ɓalli ƙwaya ya jefa a baki ba ko ruwa.

Da layi ya zo kansa, ya faɗa wa likita maganin da ya daɗe yana sha a ɓoye, ya naɗe hannun riga. Likita ya auna, ya sake aunawa. Ya ce, "Yaushe rabonka da maganin?" Ya ce, "Sati uku." Likita ya ce, "Wallahi naka ya fi nawa kyau. Me ka canza?" Mutumin ya ce, "Aiki na bari." Aka ce ya dawo bayan wata a sake dubawa, kada kuma ya ƙara zama likitan kansa.

Ya fito ya tsaya a rana yana jiran abin hawa. Motar kamfani ta wuce ta gabansa gilashi a rufe, kuma ba zan ɓoye maka ba, sai da zuciyarsa ta sosu, don shekara goma sha bakwai ba kwana goma sha bakwai ba ce. Amma ƙafafunsa biyu na ɗauke da shi, hannayensa biyu na motsi, ga albasa can tana jiran ban ruwa. Bai nemi kowane kamfani ba, lambu ya nufa.

Kai da ka zo kana ƙirga abin da ya kuɓuce maka, ka fara duba abin da ya rage tukuna. Hausawa sun riga sun faɗa: idan ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau.