Layin Gawayi a Bangon Ɗakinmu

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, Baba direban wani Alhaji ne a Tarauni. Ya taɓa kai 'ya'yan Alhajin wani katafaren wurin wasa a Abuja, shi ya jira a mota. Na dame shi sai ya kai ni. Ya ce ba a barin gajeru su hau babban lilon, ya ja layi da gawayi a bangon ɗakinmu na Gyaɗi-Gyaɗi.

"Ranar da kanki ya taɓa nan, kwana biyu za mu yi a can."

Kullum sai na gwada tsayina. Wata la'asar, saura yatsa biyu in kai, na dawo daga Islamiyya na tarar ya goge layin da jiƙaƙƙen tsumma, yana jan sabo a sama. Ya juyo muka haɗa ido.

"Ya dushe ne, Uwata."

Bara na kai 'yata wurin, na ga sandar awon da ke ƙofar lilon. Ashe tun ranar da ya ja layin farko na isa hawa. Har yau ban san haushinsa nake ji ko tausayinsa ba.