Ki Zaɓa Mini, Mama

Tana tsaye a shagon mai sassaƙa duwatsun kabari a Kafanchan saƙon ɗanta ya shigo daga Turai. Hotuna biyu ne na jiragen ruwan shaƙatawa, irin waɗanda iska ke turawa, farare fes.

Sai ga muryarsa, har da dariya. "Mama, ki zaɓa mini. Na farkon ɗaki biyu ne da kicin, na biyun ya fi gudu. Sati uku na kasa barci don tunani."

Sati uku! Zuciyarta ta tafasa. Yaron da ya kalli jana'izar ubansa ta waya, wai ba a ba shi hutu ba. Wata goma sha ɗaya tana roƙonsa kan dutsen nan, don a gidansu ɗan fari ke zaɓa. Fasto har ya sa rana. Kullum sai, "Zan duba, Mama."

Ba ta zage shi ba. Ta ɗauki hoton baƙin dutse, ta ɗauki na fari, ta tura masa.

"Kowanne ɗaki ɗaya ne, kuma babu mai gudu. Zaɓa wa ubanka."