Sati Guda a Kan Benci

"Sati guda," in ji shugabar makarantar. "In 'yarka ta yi sati ba ta tashi daga benci ana karatu ba, ta ci gaba. In ta motsa, ka kai ta bakin tafki ta taya ka shanyar kifi."

"Na yarda," in ji masuncin, ransa a ɓace. Kira na huɗu ke nan yana barin ragarsa a rana.

Ma'aikaciyar asibitin Mwanza ta riga ta gaya masa ba taurin kai ba ne, haka ƙwaƙwalwar yarinyar take, sai jikinta na motsi hankalinta ke tsayawa. Ya ce zancen 'yan boko ne. Shi da ke wuni zaune cikin kwale-kwale, ya mutu ne?

Ya juya ga 'yarsa. "Ke, sarkin rawar kai, ko kunama ce ta hau ki, kada ki motsa!"

Ta kuwa zauna. Ta cije leɓe, ta danne hannuwanta ƙarƙashin cinya. Ran Juma'a shugaba har da sa aji ya yi mata tafi.

A hanyar gida uban ya ce, "To, me aka koya muku?" Da can tun daga ƙofar makaranta take zuba masa lissafi har kansa ya yi ciwo.

"Ban ji ba, Baba. Ina ta zama."

Shugaba ta samu ajinta shiru, uban ya huta da kira. Yarinyar da aka yi cinikin dominta ita ce ta tashi ba ko harafi ɗaya.